Abin da Janar Radfan Ya Ji

Wata bakwai na yi ina zama da wani mutum da ya mutu tun ba a haifi kakar kakata ba, kuma ko rana ɗaya bai taɓa kwanta mini a rai ba. Sunansa Janar Amos Redfern, Ba'amurke, amma a takardun Masar Radfan Basha suke rubutawa, ni ma da haka na saba kiransa. Aikina shi ne in karanta kundin da yake rubuta abin da ya same shi kowace rana, in kwafe shi a kwamfuta, sannan in juya shi zuwa Larabci. Shafi ɗari shida ne da 'yan kai, da wani irin rubutun hannu kamar kaza ta yi tono a kan takarda.

Sunana Wijdan. Mu Hausawan Gadarif ne, can gabashin Sudan, irin waɗanda kakanninsu suka fito da niyyar Makka suka tsaya a hanya. Turanci na karanta a jami'a, kuma ina koyar da shi a Khartoum lokacin da yaƙi ya ɓarke. Mahaifiyata Nana Khadija, wadda nake kira Inna, tana wurina a lokacin tana jinyar gwiwa, sai na kamo hannunta muka shigo Alƙahira da jaka biyu. Muka kama ɗaki a Hayyin Ashir, unguwar da 'yan Sudan suka cika, a hawa na biyar na wani bene da ƙafa kawai ake hawansa. Inna takan yi sati biyu ba ta sauko ba.

Ofishin da nake aiki yana unguwar Mohandessin, ƙaramin kamfanin shirya littattafai ne na wata Bamisra, Madam Dalia. Kullum sai na hau maikrobas, 'yar ƙaramar bas ɗin haya, na sauka na shiga metro, jirgin ƙasan cikin gari, na ƙarasa da ƙafa, duk don in je in zauna gaban Radfan Basha in ji yana yabon kansa. Ya shiga soja yana ɗan shekara ashirin, ya je yaƙin Meksiko inda harsashi ya cire masa yatsu biyu na hannun hagu, kuma bai bar mai karatu ya manta da yatsun nan ba har shafin ƙarshe. Daga nan ya yi shekara goma a yammacin ƙasarsu yana korar mutanen da suka tarar a wurin daga filayensu. Da yaƙin basasarsu ya tashi ya bi ɓangaren Kudu, masu son a ci gaba da riƙe bayi, a can ya zama janar, a can kuma aka ci su da yaƙi. Ya gwada noman auduga ya kasa. Ana nan sai Khidiwi Isma'il, mai mulkin Masar na wancan zamani, ya shiga ɗibar tsofaffin hafsoshin Amurka don su gyara masa soja, Radfan ya zo a 1870, aka ɗora masa jar dara aka ce masa Basha. Ya gyara ganuwar bakin teku a Iskandariyya, ya zana taswirori, ya je yaƙin iyakar Habasha, aka sallame shi bayan shekara takwas. A duk wannan tafiyar, in dai shi za ka tambaya, bai taɓa yin kuskure ba, sai dai waɗanda ke ƙarƙashinsa su yi.

Mai ɗaukar nauyin littafin jikar jikansa ce, Misis Marian Redfern. Tana da gidauniya da sunansa, wadda kowace shekara take kai ɗalibi ɗaya Amurka ya yi digiri na biyu. A wannan shekarar Madam Dalia ta ba da sunana, Misis Marian ta amince, saura kawai ta sa hannu a takardar idan ta zo duba aikin kafin a buga. Ba zan ɓoye ba, na sa rai ƙwarai. Tun da muka bar gida wannan ce ƙofa ɗaya da ta buɗe mana, kuma Madam Dalia ta ce in na zauna da gindina a can akwai hanyar da Inna za ta biyo ni. Inna ta riga ta gaya wa duk matan benenmu, har da waɗanda ba sa gaisawa.

Babin da Misis Marian ta fi so shi ne na abin da ya faru a watan Fabrairu na 1876. Radfan ya ja wata ƙaramar runduna zuwa wani ƙauye kusa da Galabat, a bakin iyakar Habasha. A cikin sojojinsa akwai mutum arba'in da yake kira Takarir, sunan da ake kiran mutanen yamma irinmu da shi, maniyyata da suka zauna a yankin aka kwashe su aka sa musu kaki da ƙarfi. Ya rubuta cewa da safe ya ba su umarni, sai suka dasa gindin bindigoginsu a ƙasa, suka dube shi ido cikin ido, suka ce da murya ɗaya har sau uku, "monkey, monkey, monkey." A Turanci biri ke nan. Ya ce ba shakka a bakin matuƙan jiragen ruwan Ingila suka tsinci zagin a Sawakin. Sannan shawish ɗinsu, wato sajan, ya tako gaba ya kira sunan gunkinsu, wanda janar ya rubuta yadda ya ji shi, "Bama Kona Hatsee." Shi kuma ya tsaya shi kaɗai gaban bindiga arba'in bai girgiza ba, ya zaɓi mutum sha ɗaya har da shawish ɗin, aka harbe su kafin la'asar, sauran suka koma layi. Da haka, in ji shi, ya ceci rundunar daga tawaye.

Sau biyu na bi ta kan wannan shafin ban ga komai ba, domin da idon Turanci nake karantawa. Abin da kawai ya ba ni haushi shi ne maganar gunki. Mutanen da suka taka ƙasa da ƙafa tun daga yamma don su ga Ka'aba, wai su ne masu gunki.

Wata Juma'a da hantsi ina gida ina gyaran babin, Inna tana zaune a kan 'yar kujera tana yin kisra, wainar dawar nan mai faɗi ta Sudan. Ina da ɗabi'ar karanta kalma da ƙarfi idan ta yi mini wuya, don in ji yadda zan rubuta ta da haruffan Larabci. Na ce, "Bama kona hatsi." Na sake maimaitawa.

Inna ba ta ko ɗago ba ta ce, "Wa ya ce ki ƙona shi?"

Na tambaye ta me take nufi. Ta ce ai ni ce nake ta faɗin ba ma ƙona hatsi, ba ma ƙona hatsi, kamar wani ya kawo ashana. Na sake duba layin a kwamfutar. Sannan na gaya mata labarin shafin, na ce kafin wannan maganar sojojin sun zagi Baturen sau uku da Turanci, na furta mata kalmar yadda ake furta ta, monki. Inna ta ajiye abin shafa ƙullu ta yi dariya har da hawaye.

"Ke da digirinki," in ji ta. "Mun ƙi suka ce. Mun ƙi, mun ƙi, mun ƙi, ba ma ƙona hatsi. Wane biri kuma?"

Na koma baya shafi biyu. Ga shi nan da rubutunsa, a daren da ya gabata, a cikin jerin abubuwan da ya shirya yi washegari, tsakanin duba takalman alfadarai da aika wasiƙa: a ƙone rumbunan ƙauyen gaba ɗaya don kada Habashawa su sami abinci. A sama kaɗan ya rubuta cewa mutanen ƙauyen ma Takarir ne. Wato 'yan'uwansu aka ce su ƙone wa abincin shekara, a tsakiyar rani, suka ce sun ƙi. Shi kuwa mutumin da ya tashi a gidan da ake sayen baƙar fata ana sayarwa, kunnensa bai jiyo komai ba sai baƙaƙe suna ce masa biri. Inna ta daina dariya da na gaya mata yadda aka ƙare. Ta yi salati, ta juya kisrar da ta fara ƙonewa. Ni kuma raina ya ɓaci irin ɓacin da ban yi ba tun ranar da muka kulle ƙofar gidanmu muka fito.

Ranar Lahadi na kai wa Madam Dalia shafukan uku. Ba muguwar mace ba ce, in faɗi gaskiya, ita ce ta ɗauke ni aiki lokacin da wasu ke ganin fasfona su ce za su kira ni. Ta karanta, ta sa na furta mata kalmomin, ta cire tabarau ta murza ido. Ta ce ta yarda da ni ɗari bisa ɗari, amma in tuna cewa wannan labarin shi ne ake ba yara a gidan su Misis Marian a kan teburin cin abinci shekara da shekaru, kuma zanen da za a sa a bangon littafin ma na ranar ne, janar a tsaye gaban bindigogi.

"Ya Wijdan, ke mai fassara ce, ba alƙali ba," in ji ta. "Ya rubuta biri, ki rubuta ƙird, birin Larabci. Ki bari ta sa hannu, ki tafi, ki yi digirinki, sannan ki rubuta littafi goma a kan maganar. Khalas, shi ke nan."

Maganarta tana da hanya, shi ya sa ta fi ba ni haushi. Na ce mata idan na rubuta ƙird a Larabci ba tare da bayani ba, na kashe kalmar ke nan har abada, domin a Turancin aƙalla sautin yana nan, wani Bahaushe zai iya tuntuɓe da shi wata rana kamar yadda Inna ta yi. A Larabci kuwa babu abin da zai rage sai biri, kuma sunana ne a ƙasa. Ta ce ma'alish, wato in yi haƙuri, haka aikin yake, ta koma kan wayarta.

Da na gaya wa Inna na zaci za ta goyi bayana, tunda ita ce ta ji kalmar. Sai ta ɗaure fuska. Ta ce ita dariya ta yi, ba ta ce in je in tayar da rigima a wurin aiki ba. Ta ce tun ina ƙarama haka nake, sai an ce mini ga hanya in ce sai ta cikin ƙaya, kuma halin ubana ne, Allah ya jiƙansa, wanda ya rasa shagonsa saboda ya ƙi ce wa wani hafsa ranka ya daɗe.

"Waɗannan mutanen sun riga mu gidan gaskiya," in ji ta. "Matattu ba sa neman biza. Ni nake nema."

Sai na rubuta ƙird. Kwana tara kalmar tana zaune a kwamfutata, kullum in buɗe in gan ta in wuce da sauri. Na gaya wa kaina duk abin da mutum yake gaya wa kansa, cewa ba ni na harbe su ba, cewa ban ma san sunayensu ba, domin janar da ya rubuta sunan dokinsa sau talatin bai rubuta sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. Na yi ta kallon gwiwoyin Inna da suka kumbura. A metro nakan kama kaina ina motsa baki, ina gwada yadda mutum arba'in za su faɗi kalma biyu tare, da yadda ƙ ɗin nan tamu za ta faɗa kunnen wanda bai taɓa jin ta ba.

Misis Marian ta zo ranar Talata da ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Na so ta zama mai girman kai don abin ya yi mini sauƙi, sai ga dattijuwa mai farin gashi, tsohuwar malamar makaranta, da takalmin roba da kwalin cakulan da ta ce in kai wa mahaifiyata. Ta riƙe hannuna da hannu biyu ta ce ta ji labarin abin da ya same mu, ta yi mini jaje, kuma na ga da gaske take. Muka zauna mu uku a ɗakin taro. Ta fito da wata shuɗiyar jakar takardu ta ajiye a gefen kofinta, ta ɗan buga ta da yatsa tana mini murmushi, na gane takardata ce a ciki.

An yi awa guda ana duba hotuna da taswirori lafiya lau. Sannan Misis Marian ta ce tana da roƙo ɗaya. Ba ta jin Larabci, amma tana so ta ji yadda labarin ranar Galabat yake fita a harshen ƙasar da kakanta ya yi wa aiki, ko zan karanta mata da ƙarfi. Madam Dalia ta dube ni ta gefen ido. Na ɗauki takardar na fara, na karanta fitowar rana, na karanta jerin sojoji, na karanta yadda suka dasa bindigogi a ƙasa. Da na iso kan kalmar sai bakina ya tsaya. Ba shiri na yi ba, wallahi da niyyar karantawa na shigo. Rubuta ta wani abu ne, amma in buɗe baki in sa ta a bakin mutanen nan da muryata, a nan ne abin ya gagare ni.

Na ajiye takardar na ce da Turanci, "Misis Marian, ba su ce masa biri ba."

Na yi mata bayani a hankali, ban ɗaga murya ba, abin da ya ba ni mamaki ni kaina. Na nuna mata shafin umarnin ƙone rumbuna, na nuna mata sunan gunkin da ba gunki ba, na rubuta mata kalmomin da Hausa a ƙarƙashin nasa ɗaya bayan ɗaya. Ta sa tabarau ta duba sosai. Ta ce in sake faɗa, na faɗa, ta gwada maimaitawa, abin da ya fito daga bakinta monki ne sak. Ita ma ta ji, domin na ga fuskarta ta canja.

Amma sai ta gyara zama. Ta ce abin sha'awa ne ƙwarai, sai dai kakanta yana wurin, ni ba na wurin, kuma sautuka sukan yi kama da juna a kowane harshe. Na ce mata gaskiya ne yana wurin, amma ba ya jin Hausa, ni kuma ina ji. Na ce kalma ɗaya tana iya zama dace, amma ba kalma shida a jere da suka yi daidai da umarnin da ya rubuta da hannunsa ba. In tana shakka, ta ɗauki mota ta je Madinat Nasr inda ɗaliban Nijeriya da Nijar suke, ta tare duk wanda ta ga dama ta karanta masa layin, kada ma ta ce ni na aiko ta.

Madam Dalia ta shiga tsakani da sauri. Ta ce akwai mafita mai sauƙi, a sa ɗan bayani a ƙarshen littafin, cikin ƙananan haruffa, cewa wasu suna ganin kalmar tana iya zama daga wani harshen Afirka. Misis Marian ta yi ajiyar zuciya ta ce wannan ya yi mata, ta ma ji daɗi. Ta kai hannu kan shuɗiyar jakar. Duk suka juyo suna kallona, kuma na san in na gyaɗa kai an gama, da la'asar ina gida ina nuna wa Inna sa hannun.

Na tambaya ko bayanin zai faɗi ma'anar kalmar. Misis Marian ta ce ba lallai ba ne a shiga wannan. Na tambaya ko zai faɗi abin da aka umarce su suka ƙi. Sai ta ce mahaifinta ya ba ta wannan labarin yana kan gadon asibiti, kuma ɗalibai talatin da biyu sun yi karatu da sunan mutumin nan. Ba za ta buga littafi da kuɗin gidansu ba tana cewa ya harbe mutum sha ɗaya don sun ƙi ƙona abinci.

"Ba ni na ce ba," na ce mata. "Shi ya rubuta. Ni karantawa kawai na yi."

Madam Dalia ta kira sunana a hankali, irin kiran da ake yi wa mai tafiya bakin rijiya. Ban dube ta ba. Na ce wa Misis Marian littafinta ne, tana da ikon ta buga abin da take so, amma in za a bar biri a shafin nan ba tare da ma'anar gaskiya a ƙarƙashinsa ba, a kan shafin, da haruffan da tsohuwa za ta iya gani, to a cire sunana daga fassarar. Na ce mutanen nan ba wani harshen Afirka suka yi ba, Hausa suka yi, harshen da uwata take yi mini faɗa da shi. An harbe su a kan magana, bai kamata kuma a ƙwace maganar ba.

Ba ta yi fushi ba, da ma ta yi da na fi jin daɗi. Ta ce ta gode da gaskiyata, tana girmama ra'ayina, kuma tana bukatar lokaci ta yi tunani a kan komai. Ta ɗauki shuɗiyar jakar ta mayar cikin babbar jakarta ta ja zif. Ta sake riƙe hannuna da za ta fita, ta tuna mini kada in manta da cakulan.

Madam Dalia ta raka ta mota ta dawo ta tsaya a ƙofa. Ta tambaye ni ko na san abin da na yi, na ce na sani. Ta ce akwai wani malami a Giza da zai ƙarasa fassarar cikin sati biyu kuma ba ya jin Hausa, ita kuma ba za ta iya riƙe ni ba bayan wannan, ba don tana so ba. Na ce na fahimta. Na fito da wayata na ɗauki hoton shafukan uku a gabanta, ta juya tana kallon taga har na gama. A cikin maikrobas ne na ji tsoro sosai, amma ko da na bincika zuciyata ban sami nadama ba. Bayan kwana biyu saƙo ya zo daga gidauniyar cewa a bana sun zaɓi wani ɗalibi, suna yi mini fatan alheri.

A ranar Talatar na gaya wa Inna, ban jira saƙon ba. Ta saurare ni har ƙarshe tana zaune a bakin gado. Ban taɓa ganin ta haka ba. Ta ce ta haifi 'ya'ya biyar, biyu suna kabari, biyu ba ta san inda yaƙi ya jefa su ba, ɗayar da ta rage kuma ta zaɓi mutanen da suka mutu shekara ɗari da hamsin a kan uwarta mai rai. Ta tambaye ni wa zai saukar da ita daga benen nan in ta mutu, ko su sojojin ne za su zo. Na ce mata kawai da za a mayar da ni ɗakin taron, abin da na faɗa shi zan sake faɗa. Ta juya fuskarta bango.

Kwana uku ba ta yi mini magana ba. In na gaishe ta sai ta amsa wa Allah, in na kawo abinci ta ci ba ta dube ni ba. Ni kuma na shiga yawon makarantun 'yan Sudan na unguwa ina tambaya ko suna neman malamar Turanci, wata ta ce in dawo bayan hutu.

Ranar Juma'a da na dawo daga sayen burodi na tarar Inna ta jawo babbar tukunyarmu, wadda ba mu taɓa amfani da ita ba a Alƙahira, ta ɗora a wuta. Ta zazzage dawar da muke kisra da ita a cikin tire tana tsincewa. Balila za ta yi, dafaffen hatsin da ake rabawa sadaka a Gadarif idan an yi rashi. Na tsaya a bakin ƙofa da burodi a hannu, ban san ko in shiga ba.

Ba ta ɗago ba ta ce, "Mutum nawa kika ce ya harbe?"

Na ce sha ɗaya.

Ta shiga ɗiban dawar da tafin hannu tana zubawa a tukunya, tana ƙirgawa a hankali, kowane ɗiba da bismillah. Ta kai sha ɗaya ta tsaya. Sannan ta sake cika hannunta ta zuba.

Na ce, "Inna, sha ɗaya ne."

"Na ji," in ji ta. "Da ke sha biyu, marasa jin magana. Ajiye burodin nan ki zo ki tsince sauran, idona ba ya gani."